Lafiyar Iyaye Mata Bayan Shekara 45

A ƙauyukanmu, in mace ta yi ƙiba sai mu ce hutu ne. Amma tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da jinin al'ada yake ɗaukewa, kitse yakan taru a ciki. Irin wannan kitse yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama, sai dai mu ji wance ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye.

Me za mu yi?

• Mu auna ƙugu da tef ɗin tela. In ya wuce santimita 88, mu je asibiti a gwada mu.
• Mu rage gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirinmu ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya.
• Mu rage malmalar tuwo, da mai, da lemon kwalba. Mu ƙara wake, zogale da rama.
• Mu yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.
• Mu guji maganin rage ƙiba na 'yan talla.

Nazari: Mu karanta 1 Korintiyawa 6:19-20.

• Jikinmu na wane ne?
• Me ya sa uwa takan kai kowa asibiti, ita kuwa ta haƙura?
• Zumuntar Mata za ta iya gayyato ma'aikaciyar lafiya ta gwada mana hawan jini a majami'a? Yaushe?