Saƙar Igiyar Rataya Kati

'Yata, tunda kin ce da igiyar rataya katin shaida za ki fara kafin ki kai ga hular jarirai da safa, to madalla, ta dace da hannun mai koyo. Sai dai kada ƙanƙantarta ta sa ki raina ta. A wuyan mutum za ta wuni, ta sha gumi, ta sha ja: ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, mai shago da tarin makullansa. Wuyan nan nasu za ki riƙa tunawa tun kafin ki ɗauki kwarashi.

Na san idonki zai tafi kan ulu mai laushin nan da ake saƙa rigar sanyi da shi. Ki haƙura da shi. Yawancinsa na roba ne, ba ya tsotse gumi, yana sa ƙaiƙayi a zafin bazara, kuma da ya ji nauyi sai ya miƙe, katin da ya kamata ya tsaya a ƙirji ya gangaro ciki. Ki nemi zaren auduga siriri mai murɗi sosai, da kwarashi mai milimita 2 ko 2.5. In zaren ja ne ko shuɗi mai duhu, yanki guntu ki jiƙa a ruwan sabulu, ki matse cikin farin ƙyalle. Idan ya zuba, kada ki yi aiki da shi, domin a kan farar rigar wata baiwar Allah zai zuba.

Tsawon da aka saba yi wajen santimita 90 ne kafin a haɗe baki biyu, faɗi kuma bai wuce santimita 2 ba. Ki ɗan rage tsawon, saƙa kowace iri ce tana ƙaruwa. Wasu sukan ɗora ido huɗu ko biyar, su yi ta juyawa har su kai ƙarshe. Ya fi sauƙin farawa, amma ya fi miƙewa. Ni na fi son ki ja sarƙa doguwa iya tsawon igiyar, sannan ki bi ta layi bayan layi. Ki sassauta hannu a sarƙar farko. In ta fi sauran layukan tsukewa, igiyar za ta lanƙwashe kamar lauje, kuma guga ba ta gyara wannan.

Duk inda kika ga wani wuri ya tsuke wani ya saki, ki warware. Kwarashi yana da wannan rangwamen: madauki ɗaya ne a bakinsa, kina jan zare sai aiki ya koma baya ba tare da asara ba. Kada ki ji ƙyashin warwarewa, a nan hannu yake daidaita.

Wajen ƙugiyar ƙarfe nan ne igiya ta fi tsinkewa. Ki duba ba ta murɗe ba, ki zura bakinta a zoben, ki ninka, ki ɗinke da allura da zare biyu. Jelar zaren kuma kada ki datse ta a gindin ƙulli. Ki cusa ta cikin saƙar, gaba da baya, sannan ki yanke.

Abu ɗaya nake roƙonki. In yaro za ki saƙa wa, ko mai aiki kusa da injin niƙa ko markaɗe, kada ki yi ta zobe guda marar buɗewa. Ki raba ta a ƙeya, ki sa maɓalli mai ɓallewa da kansa idan an fizga. Saƙar auduga mai kyau ba ta tsinkewa da wuri, in ta maƙale a wani abu, wuya za ta shaƙe.

Ta farko in kin gama, kada ki yi saurin sayarwa. Rataya mata makullan gida, ki wuni da ita a naki wuyan, da yamma ki sake aunawa, ki kawo mini mu duba tare.