Shawara ga 'Yan'uwa Masu Bi na Tasawa da Mayahi

'Yan'uwa, tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma a gidaje da yawa yana cikin akwati, ƙura ta rufe shi. Da damina noman hatsi ke cinye yini, da kaka lissafin buhunan wake, da rani kuma samari sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya neman kuɗin babur. Neman halak ba laifi ba ne. Laifin shi ne ya zama ba a san lokacin da za a ce ya isa ba. Manomi ya fi kowa gane misalin irin da ya faɗa cikin ƙaya, a Markus sura 4.

Ku karanta Littafin da sassafe, kafin a tafi gona, kafin hannu ya taɓa salula. Ko aya goma ce, a ɗaga murya don mata da yara su ji. Wanda bai iya karatu ba, a sa masa karatun murya a katin wayarsa. In ranar kasuwa ta faɗo Lahadi, a fara zuwa majami'a, tumakin da za a kai kasuwa za su jira.