Matakan Gane Darajar Tsohuwar Takardar Kuɗi

In ka tsinci tsohuwar takardar kuɗi a adakar kaka ko a tsakiyar wani littafi, banki ba zai karɓe ta ba, amma akwai masu tara irinta da ke biya. Ga yadda za ka bi.

Da farko, ka bar ta yadda ka same ta. Kada ka wanke, kada ka sa mata dutsen guga, kada ka liƙe yagewa da salatif, balle ka kai a manne ta da leda. A nan mutane suka fi yin asara, abin kuma yana ba ni takaici. Mai saye yakan ɗaga takarda ya haska, ya duba layin ninki, ya shafa kusurwoyi huɗu, ya ji ko tana ƙara kamar sabuwa. Wadda ba a taɓa ninkewa ba takan ninka tsohuwar da ta sha hannu kuɗi sau da yawa.

Na biyu, gano zamaninta. Fam da sule na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma sun riga na Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara fitar da nasa a 1959. An sauya takardun a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, naira ta shigo a 1973, 'yar Murtala ta naira ashirin a 1977, sannan aka canza launuka a 1984.

Na uku, duba sa hannun gwamnan banki. Adamu Ciroma daga 1975 zuwa 1977 kawai ya riƙe kujerar, Abdulƙadir Ahmed kuwa daga 1982 har 1993. Takarda iri ɗaya, sa hannu daban, farashi na iya bambanta. Ka kuma lura da lambar jiki, musamman mai sifiri da yawa a gaba.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci ne ke sawa. Takardar naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay an buga ta jibgi, don haka duk wanda ya ce za ta ba ka miliyoyi, amma ka fara tura kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Kafin ka sayar, nemi farashin da aka saya irinta a wuraren gwanjo, ba wanda aka yi talla da shi ba, ka kuma tambayi dillali fiye da ɗaya. In ajiyewa za ka yi, shimfiɗa ta cikin farar takarda, nesa da rana, danshi da gara.