Darasin Karin Magana: Shiru Ma Magana Ce

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa zan gwada karin maganar nan a kan hidimar biki.

Mai girki ta karɓi kafin alƙalami, wato kuɗin da akan bayar kafin a fara aiki. Saura mako guda ɗaurin aure, ana kiranta ba ta ɗauka. A fahimtata, shirun nan amsa ce: ko ta karɓi biki biyu a rana ɗaya, ko kuɗin cefane ya tafi wata hidimar.

Maganinsa na cikin wata karin maganar: zuwa da kai ya fi aike. A same ta gida tare da wanda ya haɗa ku. In ta ɓuya, a nemi wata tun da wuri, kada baƙin walima su tashi da yunwa.

Aikinku: ku kawo karin magana biyu a kan alkawari.