Yadda Ake Zaɓen Taya da Girmanta Don Tseren Dirag da Motar Hawa

Tseren dirag tsere ne na motoci biyu a miƙaƙƙen layi, ana tashi daga tsaye cik, a ƙare a kwata mil, wato mita 402, ko a rabin haka, mita 201. A Amurka ya yi ƙarfi, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye samari daga tsere a titunan gari zuwa filayen da aka killace. Yanzu akwai irin waɗannan filaye a Santa Pod ta Ingila, da Bahrain, da Yas Marina ta Abu Dhabi, da Tarlton ta Afirka ta Kudu. Da yawa daga cikin masu shiga da motar da suke zuwa aiki da ita suke zuwa, kuma wannan bayani nasu ne. A filin tsere ake wannan abu, titin jama'a ba wurinsa ba ne.

Duk wanda ya gama gudu ana miƙa masa 'yar takarda mai lambobi. Sabon shiga lambar ƙarshe yake dubawa, tsohon hannu kuwa ɗaya daga cikin na farko yake nema: sakan nawa motar ta ɗauka kafin ta ci ƙafa 60 na farko, kusan mita 18. Wannan lamba ita ce alƙalin taya. Motar da ke tura da ƙafafun baya, a kan tayar hanya, galibi tana yin sakan 2.0 zuwa 2.2 a nan, in aka sa mata tayar tsere sai ta sauko 1.7 ko ƙasa da haka. Masu wasan sun daɗe da lura cewa duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a ƙafa 60, yakan rage maka kusan ninkinsa a ƙarshen layi.

Na farko, san motarka da filin da za ka

Kafin ka yi zancen lambar taya, amsa tambayoyi uku. Waɗanne ƙafafu ne ke tura motar, na baya, na gaba, ko duka huɗun? Giyabos ɗinka otomatik ne ko manuwal? Filin kuma ana fesa masa sinadarin nan mai danƙo, irin su PJ1 TrackBite, har takalmi ya riƙa mannewa a ƙasa, ko kwalta ce kawai aka share? Akwai ta huɗu da mutane ke ɓoye wa kansu amsarta: da tayar za ka tuƙa zuwa filin, ko a but za ka ɗauko ta ka ɗaura a can?

Na biyu, zaɓi irin tayar

Iri uku ne. Akwai tayar hanya mai kyau, wadda ta ishi motar da ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, ta kuma ishi yawancin masu tura da ƙafa huɗu. Akwai radiyal ta tsere, irin Mickey Thompson ET Street S/S da Nitto NT555RII, mai laushin roba da ɗan zane kaɗan da tambarin DOT, wato doka ta yarda a hau titi da ita a Amurka. Sai mara zane kwata-kwata, irin ET Drag ko ta kamfanin Hoosier da M&H, wadda zaren cikinta saƙar giciye ce, bangonta kuma mai taushi.

Giyabos ne ke raba gardama tsakanin biyun ƙarshe. Idan ka saki kuloci a mota manuwal, ƙarfin injin yana dukan taya a lokaci guda. Mara zane tana iya haɗiye wannan duka: bangonta yakan murɗe ya yi tamoji-tamoji, ya riƙe ƙarfin na ɗan lokaci kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja, sannan ya saki motar ta yi gaba. Ko ta ɗan zame tana sake kama ƙasa. Radiyal ba ta da wannan haƙuri. In ta kama, ta fi mara zane sauri a ƙarshen layi domin ba ta jan mota baya, amma da zarar ta kuɓuce ta fara juyawa a banza, sai ka ɗaga ƙafa daga totur kafin ta dawo, gudun ya riga ya lalace. Shi ya sa radiyal ta fi dacewa da otomatik a fili mai danƙo, mara zane kuma da manuwal ko filin da ba a gyara ba.

Kada ka haɗa mara zane a baya da radiyal ta hanya a gaba in motar tana gudu sosai. Yadda bangonsu ke lanƙwasa ya bambanta, sai gindin motar ya fara rangaji a ƙarshen layi, daidai inda gudu ya fi yawa.

Na uku, fara da tsayi kafin faɗi

Nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi, domin ido faɗi yake so. Fara da koyon karanta lambar. A 275/60R15, faɗin tayar milimita 275 ne, tsayin bangonta kashi 60 cikin ɗari na faɗin ne, wato milimita 165, rim ɗin kuma inci 15 ne, milimita 381. Ka tara bango biyu da rim, 165 da 165 da 381, za ka sami 711, wato inci 28. Ita kuwa 275/50R15, da faɗinsu ɗaya, tsayinta milimita 656 ne, inci 26 ba kaɗan. Lambar mara zane ta fi sauƙi: 28x10.5-15 tana nufin tsayi inci 28, faɗin da ke taɓa ƙasa inci 10.5, rim inci 15.

Tsayin taya giya ne. Doguwar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka tana rage ƙarfin fizga wajen tashi, ta kuma rage juyin inji a ƙarshen layi. Lissafin da masu wasan ke amfani da shi shi ne: gudun motar a mil cikin awa, sau lambar giyar aksil, sau lambar giyar da kake ciki, sau 336, a raba da tsayin taya a inci. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti.

Ɗauki motar da ke ƙare layi a mil 110 cikin awa, kusan kilomita 177, da giyar aksil 3.73, a giya ta huɗu mai ɗaya-da-ɗaya. A kan taya mai inci 26 injin zai ƙetare layi yana juyi 5,300, a kan mai inci 28 kuwa 4,920. In ƙarfin injin yana kai ƙololuwa ne wajen 5,500, mai inci 26 ce taka, doguwar ba abin da za ta yi maka sai nauyin tashi, domin za ta mayar da 3.73 ɗinka tamkar 3.46. To a ce baɗi ka ƙara wa injin ƙarfi har motar ta kai mil 125. Yanzu mai inci 26 za ta kai ka juyi 6,025, in jan layin injinka 6,000 ne, ko dai ya yanke maka mai kafin ka isa, ko ka sa wata giya ana saura 'yan mitoci, duk asara ce. Mai inci 28 za ta bar ka a wajen 5,600. Abin nema shi ne ka ƙetare layi injin yana daidai ƙololuwar ƙarfinsa ko ya ɗan wuce ta. Mai otomatik ya ɗan ƙara wani abu a kan lissafin saboda zamewar kwanbata, mai mara zane kuma ya rage kaɗan, domin tana ƙara tsayi in gudu ya yi yawa. Radiyal ba ta cika ƙaruwa ba.

Bayan tsayi sai bango. Ƙaramin rim da dogon bango sun fi babban rim da siririyar roba nesa ba kusa ba. 275/40R17 da 275/50R15 tsayinsu kusan ɗaya ne, amma bangon ta farko milimita 110 ne, na ta biyu ya kusa 138, kuma wannan bambanci ana jin sa a ƙafa 60. Abin da ke hana mutum sauka zuwa rim 15 shi ne birki: motocin zamani birkinsu na baya manya ne, sai rim 17 ke rufe su. Ka sauka zuwa mafi ƙanƙantar rim da zai wuce birkinka.

Faɗi shi ne na ƙarshe. A Amurka akwai ajin tsere da ake kira X275, inda aka ƙayyade wa kowa radiyal mai faɗin 275, kuma motocin da ƙarfinsu ya haura doki dubu suna cinye mita 201 a cikin sakan huɗu da 'yan kai a kanta. Don haka mai doki ɗari huɗu da ke neman 315 ado yake nema, kuma adon yana da nauyi, yana cin gudu. Masu ja da ƙafafun gaba, irin Honda Civic, gajeru suke sawa, 225/50R15 ko mara zane 24.5x8-13. Masu ƙafa huɗu dole tsayin tayoyin huɗun ya zama ɗaya, in ba haka ba giyoyin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne za su sha wahala.

Na huɗu, auna kafin ka biya

Faɗin da ke rubuce a jikin mara zane na wurin da ke taɓa ƙasa ne, cikinta ya fi haka kumbura. Mai inci 10.5 takan kai inci 12 a tsakiyar bangonta. Nemi teburin da kamfanin ya fitar, za ka ga faɗin cikin da kuma faɗin rim da ya dace da ita. Sannan ka ɗaga motar, ka cire ƙafar baya, ka yanka kwali daidai siffar rabin tayar, ka manna shi a jikin katako, ka ɗaure katakon a kusoshin ƙafar, ka riƙa juya shi a hankali. Sa jak a ƙarƙashin aksil ka tura shi sama yadda zai yi in motar ta zauna wajen tashi, ka sake juyawa. Duba leɓen madigadi, da shokazoba, da bututun hayaƙi, da wayar birkin hannu. Ka bar tazarar yatsa biyu ko'ina, ga mara zane har fiye da haka ta sama. Leɓen madigadi kaifi gare shi, yana yanka bangon taya ba tare da ka ji ba.

A wurin mai sayarwa, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan tambarin DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Wanda ya saba da tayar gwanjo ya san wannan lamba, amma a nan ta fi muhimmanci, domin robar tsere tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta bai taɓu ba. Danna farcenka a jikinta, in bai shiga ya bar shaida ba, ka bar masa kayansa komai arharta.

Na biyar, ƙafafun gaba da abin da zai iya karyewa

Masu tura da baya sukan sa siraran tayoyi a gaba, a kan rim mai faɗin inci 4 ko 4.5, don rage nauyi. Suna taimakawa, amma suna rage birki da riƙon kwana, don haka ban ga amfaninsu ga mai tuƙi zuwa fili ba. Wanda zai sa, ya duba harafin iyakar gudu: S kilomita 180 ne, H 210, V 240. Ya kuma kula da bambancin tsayin gaba da baya, domin in ya kauce wa na asali da yawa kwamfutar ABS takan rikice.

Taya mai kama ƙasa tana mayar da wahala kan ƙarfe. Ƙarfin da a da yake tafiya a hayaƙi yanzu aksil da furofela da kuloci ne za su ɗauke shi. In motar ta fara tsalle-tsalle wajen tashi, ɗaga ƙafa nan take, wannan tsallen ne ke karya aksil. In kuma difarenshiyal ɗinka irin mai barin ƙafa ɗaya ta juya ita kaɗai ne, gyara shi tukuna kafin ka sayi taya. A dokar NHRA, motar da ke yin kwata mil a sakan 13.99 ko ƙasa da haka direbanta sai da hular kwano, in kuma tana kan mara zane sai an sa wa furofela zoben ƙarfe da zai tare ta in ta karye. Nemi dokar filin da za ka tun kana gida.

Na shida, iska

Sayi gejinka na kanka, wanda ya tsaya a psi 30. Na mai faci da ke kaiwa sama da ɗari ba zai nuna maka bambancin rabin psi ba, kuma a nan rabin ma yana da tasiri. Radiyal ta tsere a fara ta da 20, mara zane da 14 ko 15, na gaba kuma a ƙara musu iska amma kada a wuce iyakar da ke rubuce a bangonsu. Yi gudu ɗaya, duba lambar ƙafa 60, rage psi ɗaya, sake gudu. Kada ka taɓa wani abu daban a tsakani, in ba haka ba ba za ka san me ya yi aiki ba. Ka ci gaba har lambar ta daina sauka ko motar ta fara rangaji, sai ka koma baya mataki ɗaya. Auna tayoyin biyu daf da shiga layi, domin wadda rana ke duka iskarta takan hau, motar ta riƙa karkata.

Shaidar da taya ta bari a ƙasa ma tana ba da labari. In gefe biyu sun yi baƙi tsakiya ta yi fari, iska ta yi kaɗan, in tsakiyar ce kaɗai ta yi baƙi, ta yi yawa. Ja layi da alli daga bangon taya zuwa rim, in bayan gudu layin ya rabu, tayar tana zamewa a kan rim, sai ka ƙara iska ko ka nemi rim mai maƙale bakin taya da kusoshi.

Kafin tashi akwai wurin da ake zuba ruwa don ɗumama taya. Mai tayar hanya ya kewaye shi, domin zanenta zai kwaso ruwa ya ɗiga a layin tashi, ya ɓata wa kansa ya ɓata wa na bayansa. Radiyal ta tsere ɗan juyi kaɗan take so, da hayaƙi ya fara fitowa ya isa.

In an tashi daga fili, mara zane ta koma but. Radiyal kuma a mayar mata da iskar hanya kafin a fita ƙofa, in hadari ya haɗo a rage gudu sosai, domin ɗan zanen da ke jikinta ba ya iya korar ruwan da ya kwanta a kan titi.