Darasi Na 17: Masu Hawan Keke A Tudun Jos

A. KARATU

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A yawancin garuruwan Arewa keke abin neman abinci ne. Manomi kan ɗaura masa buhun taki, mai aski kan zaga ƙauyuka da shi, ɗalibi kuma ya hau shi zuwa makaranta. Dattawa har yau suna tuna zamanin da mallakar sabon Rali kan sa a san mutum a unguwa. Amma a Jos akwai wasu mahaya da ba kaya suke kaiwa kasuwa ba, ba kuma aikensu aka yi ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa waɗanda kan fito da sassafe ranar Asabar, sanye da hular kwano, su nufi bayan gari domin motsa jiki da buɗe ido. Idan sun dawo sukan zauna wurin mai shayi, kowa ya ba da labarin abin da ya gani da irin wuyar da ya sha.

Kafin a fahimci labaransu sai an san ƙasar da suke ratsawa. Birnin Jos, hedkwatar Jihar Filato wadda aka kafa a 1976, yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Kano ba ta kai rabin haka ba. Da yake zafi kan ragu gwargwadon yadda aka yi sama, Jos ta fi maƙwabtanta sanyi, kuma wannan ne babban abin da ke jawo mahaya. Mutum na iya yin awa uku yana taka feda bai galabaita ba. Sai dai tudun yana da nasa haraji. Iskarsa ta fi ta bakin teku sauƙi da kimanin kashi 13 cikin 100, saboda haka baƙon da ya zo daga Legas ko Fatakwal kan ji numfashinsa yana sama-sama a hawan farko, alhali ɗan gari ko a jikinsa. Masana wasanni sun daɗe da sanin cewa wanda ya saba motsa jiki a kan tudu yakan yi juriya. Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritriya da ya ci zango uku a gasar tseren keke ta Faransa a 2024, a Asmara ya tashi, birnin da ya haura mita 2,300.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta kudu, daga tsakiyar gari zuwa Bukuru, tafiyar kimanin kilomita 15. Wanda ƙarfinsa bai ƙare ba sai ya wuce Kuru, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa take tun 1979, ya isa Vom, mazaunin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da aka kafa a 1924. A wannan yanki ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, bishiyoyi kaɗan ne, ido yana kaiwa nesa. Ga gonakin acca da dankalin Turawa, ga shingayen ƙerana da Birom ke kewaye gidaje da gonaki da su, ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su.

Masu son wahala kuwa gabas suke yi, ta hanyar Lamingo zuwa duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Daga cikin gari suna nan kamar a miƙa hannu a taɓa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwalta kan ƙare, a shiga turba mai tsakuwa, wani wurin ma dole mahayi ya sauka ya saɓa kekensa a kafaɗa.

Akwai abu guda da kusan kowane mahayi ke ambatawa a labarinsa, wato kududdufai. A Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi ana ganin su ko'ina, ruwansu kwance shar, kusa da su kuma tulin jar ƙasa mai kama da ƙaramin tsauni. Baƙo kan ɗauka tafkuna ne na asali, alhali ramukan haƙar kuza ne. Mutanen ƙasar sun san kuza tun kafin zuwan Turawa, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka shigo da haƙa mai yawa. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Jos a 1914, kuma saboda shi ne Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu suka yi ta kwararowa har garin ya cika ya batse. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni sun riga sun ja da baya, aka bar ramuka a buɗe, ruwan sama ya cika su. Yau masu lambu na jan ruwansu da injin suna noman tumatir da kabeji da karas da rani, kayan da ake lodawa a kasuwar Farin Gada zuwa kudancin ƙasar nan. To amma kududdufin kuza ba shi da gaɓa mai sauƙi irin ta rafi. Daga baki sai zurfi, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. An sha rasa rayuka a cikinsu. Mahayin da gumi ya jiƙa, ya ga ruwa mai sanyi yana ƙyalli, shi ne ya fi kowa bukatar a gargaɗe shi.

A nan ne labarin tafiya yake da muhimmanci. Wanda ke sauraro yau, shi ne zai bi hanyar mako mai zuwa, kuma da abin da ya ji zai yi shiri. Ɗauki misalin Hawan Kibo, gangaren da ke kan hanyar Abuja bayan an wuce Riyom, inda tudun Filato ke sauka zuwa ƙasa kusa da magangarar ruwa ta Assop. Gangare ne mai tsawo da kwana-kwana, manyan motoci kuma suna bin sa dare da rana. Idan mahayi ya dawo yana cika baki, ya ce ai kamar tsuntsu ya sauka, bai ambaci yadda birkinsa ya yi zafi ba, bai kuma faɗi cewa dawowa ta ci masa ninkin lokacin tafiya ba, to ya yaudari sabon shiga. Irin wannan labari daɗin ji ne da shi kawai. Gara wanda ya ce, a fili, a wuri kaza na gaza, na sauka na tura.

Labari mai amfani yakan faɗi lokacin tashi da na dawowa, da nisan tafiya, da halin da hanya take ciki. Yakan faɗi inda ake samun ruwan sha da inda mai faci yake, domin bayan gari ana iya yin tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba. Yanayi ma ba a barin sa. Damina a Jos takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, hadari kan taso cikin ɗan lokaci, wani sa'in har da ƙanƙara. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sandarar da yatsu har matsa birki ya yi wuya, hazo kuma ya hana direba ganin mai keke sai ya zo dab da shi. Ga misalin yadda mahayi zai iya tsara labarinsa:

"Mun tashi daga Taminus da ƙarfe shida da rabi, mu bakwai. Gari ya yi sanyi ƙwarai, shi ya sa kowa ya sa safar hannu. Da muka wuce Bukuru sai tayar bayan ɗaya daga cikinmu ta yi faci. Muka tsaya, muka ciro tub, muka liƙe, muka ba shi iska da famfon hannu. Wannan ya ci mana minti ashirin. Daga nan muka ci gaba a jere, ɗaya bayan ɗaya, saboda motoci sun fara yawa. Mun isa Vom wajen ƙarfe tara. A dawowa iska ta tare mu ta gaba, ruwan mutum biyu ya ƙare. Duk mai zuwa ya riƙe gora biyu."

Ka lura, babu ado a wannan labari, amma wanda ya ji shi ya san abin da zai saka a jakarsa.

Akwai kuma wata tambaya da mahayan Jos ba sa tsallakewa, ita ce ta lafiyar hanya. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini da ƙabila, wasu ƙauyukan kewaye kuma sun sha fama da hare-hare. Saboda haka mai hankali kan tambayi waɗanda suka bi hanya kwanan nan, ya saurari sanarwar hukuma, ya guji tafiya shi kaɗai, ya kuma dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Keke ba shi da gilashin da za a ɗaga. Mahayi yana wucewa a hankali ta gaban masallaci da coci, ta tsakiyar garken Fulani da gonar Birom ko ta Afizere, dole ya yi gaisuwa, dole ya tambayi hanya. Da wane harshe? Mafi yawan lokaci da Hausa, domin ita ce harshen da ƙabilun Filato masu yawa suka haɗu a kansa a kasuwa da tasha. "Sannu da aiki, Baba. Don Allah wannan turba tana fita titi?" Ɗalibin da ya iya wannan jimla, ya kuma fahimci amsar da aka ba shi, ya rage wa kansa ɓatan hanya.

B. MA'ANAR KALMOMI

Feda: abin da ake takawa da ƙafa don keke ya tafi.
Hular kwano: hula mai tauri da ke kare kai idan an faɗi.
Galabaita: gajiya mai tsanani saboda zafi ko wahala.
Ƙerana: tsiro mai ƙaya da farin ruwa, ana yin shinge da shi.
Ƙololuwa: wuri mafi tsayi a kan dutse.
Turba: siririyar hanya wadda ba ta da kwalta.
Kududdufi: rami mai faɗi da ruwa ke taruwa a ciki.
Kuza: ma'adinin da ake shafe gwangwani da shi don kada ya yi tsatsa.
Cika baki: yabon kai fiye da kima.
Sabon shiga: wanda bai daɗe da fara wani abu ba.

C. AUNA FAHIMTA

1. Mene ne bambanci tsakanin mahayan da aka yi bayani a kansu da manomin da ke hawan keke?
2. Me ya sa baƙo daga Legas kan yi haki a hawan farko a Jos?
3. Yaya aka yi kududdufan Rayfield da Bukuru suka samu? Kawo amfaninsu ɗaya da haɗarinsu ɗaya.
4. Me marubucin yake nufi da cewa tudun "yana da nasa haraji"?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Hangen Dala ba shiga birni ba ne." Yi amfani da ita a jimlarka.
6. Marubucin ya ce mai cika baki ya yaudari sabon shiga. Ka yarda da shi? Kawo dalilinka.

D. NAHAWU: SHUƊAƊƊEN LOKACI NA I DA NA II

Hausa tana da hanya biyu ta nuna aikin da ya wuce. Dubi waɗannan jimloli daga labarin mahayin:

Mun tashi da ƙarfe shida da rabi.
Muka tsaya, muka ciro tub, muka liƙe.

"Mun" shuɗaɗɗen lokaci na I ne. Da shi ake ba da sanarwar cewa abu ya faru. "Muka" shuɗaɗɗen lokaci na II ne. Ana amfani da shi wajen jero ayyuka ɗaya bayan ɗaya a cikin labari, da bayan "da" mai nuna lokaci, da kuma bayan kalmomin tambaya irin su "yaushe", "ina" da "wa". Haka "kun" kan koma "kuka", "sun" ya koma "suka", "kin" ya koma "kika", "an" kuma ya koma "aka". Masu koyon Hausa sukan ce "Yaushe kun dawo?" Wannan kuskure ne. Daidai shi ne "Yaushe kuka dawo?"

Cike gurbi da kalmar da ta dace:

1. Da ______ isa Kuru sai hadari ya taso. (mun / muka)
2. Mahayan ______ dawo lafiya, ga su can suna shan shayi. (sun / suka)
3. Ina ______ sayi wannan famfo, Ladi? (kin / kika)
4. A wace shekara ______ kafa Jihar Filato? (an / aka)
5. ______ gyara birkin kuwa, ko har yanzu? (Kun / Kuka)

E. JINGA

Rubuta labarin wata tafiya da ka yi a keke ko a ƙafa, cikin kalmomi 150 zuwa 200. Ka faɗi lokacin tashi, da nisan wurin, da halin hanya, da gargaɗi ɗaya ga wanda zai bi ta bayanka. Ka ja layi a ƙarƙashin kowane shuɗaɗɗen lokaci na II da ka yi amfani da shi.