Me Ya Sa Taransifoma Ke Zuƙar Wuta Idan An Kunna Ta?

'Yan'uwana ɗaliban sashen lantarki, ga wani darasi da na koya a wahalce wajen furojet ɗina na HND. Na kwaikwayi taransifoma a kwamfuta, na kunna ta, karent ya fito lafiya lau. Amma a ɗakin gwaji, fiyus ɗin da na zaɓa bisa wannan lissafi ya ƙone tun kunnawar farko, alhali ba a ɗora mata kaya ba. Malamina ya duba ya ce, "Kai, ƙarfen da ka zana ba ya ƙoshi, kuma ba ya tuna komai. Je ka sake."

Ga abin da yake nufi. Ƙarfen cikin taransifoma yana aiki ne a kusan tesla 1.7, kuma yana ƙoshi a wajen tesla 2. Idan ka kunna daidai lokacin da boltej ke kan sifili, maganaɗisu zai yi ta hawa tsawon rabin zagaye, wato milisakan 10 a wutarmu mai haz 50, har ya nemi ninki biyu: tesla 3.4. Ƙarfen ba zai iya ɗauka ba, sai karent ya yi ambaliya, yakan kai ninki goma na ƙa'ida kafin ya lafa.

Sai batun tunawa, wato histeresis. Idan aka ɗauke wuta, ƙarfen ba ya komawa fanko, yana riƙe ragowar maganaɗisu. In sabon maganaɗisun ya zo ta ɓangare ɗaya da ragowar, sai su haɗu, ambaliyar ta ƙaru. Shi ya sa yau ka kunna shiru, gobe fiyus ya tafi.

Yadda na gyara a LTspice, wadda kyauta ce: na cire koyil na yau da kullum, na sa mai histeresis. Manyan lambobinsa uku ne: Bs, iyakar ƙoshi, Br, ragowar, Hc, ƙarfin da ke goge ragowar. Sai yawan naɗin waya, kauri da tsawon ƙarfen. Kada ka manta da turjiyar waya, ita ke rage ambaliyar a hankali. Sannan ka kunna, ka kashe, ka sake kunnawa, domin a samu ragowa. Gwada a digiri 0, 45 da 90. A 90, lokacin da boltej ke ƙololuwa, ambaliyar ta fi ƙanƙanta.

Ka lura da siffar karent ɗin: tsini-tsini ne a gefe ɗaya, cike da hamonik na biyu. Da wannan alama rile ke gane cewa kunnawa ce, ba gajeren haɗi ba, sai ya ƙi yanke wuta.

Mako uku wannan kuskure ya ci mini. Kafin ka yarda da allon kwamfuta, tambayi kanka: ƙarfen nan yana ƙoshi? Yana tunawa? Allah ya ba mu sa'a.